Kumburin fuskar mai ciki ba albishir ba ne

Wai a cikin birnin Kano, ga asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano, ga Bamalli, amma a samu wadda za ta ɗauki waya ta zauna tana karantar da mata cewa kumburin fuska alamar ɗa namiji ce, jijjiga kuma iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Kun dai ji muryar nan da ke yawo a WhatsApp. Sannu likita! An gano jinsin jariri daga kumatun uwarsa.

Jama'a, a auna jini.

Ƙafa ta ɗan tasa da yamma a watannin ƙarshe, wannan kusan kowace mai ciki na yi. Amma fuska ta cika, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kan da farasitamol bai taɓa shi, ido na ganin dishi-dishi ko walƙiya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to ba a kwana da wannan a gida. Hawan jinin ciki ke nan, yakan bayyana bayan mako 20. Awo ya kai 140/90, an shiga matsala. Ya kai 160/110, gadon asibiti ne a ranar. Daga mabiyiya abin ke tasowa: jijiyoyin jini su tsuke, ƙoda ta fara zubar da furotin cikin fitsari, jariri ya daina samun abinci isasshe, wani lokaci mabiyiyar ta ɓalle tun kafin naƙuda. Shi ya sa a wurin awo ake karɓar fitsari a ɗan kwalba, ba don a wahalar da ke ba, Hajiya.

Za a ce iyayenmu sun haifi goma-goma ba awo. To, waɗanda suka tafi a haihuwar fari fa, wa ya ƙirga su? Za a ce ai ƙalau take jin kanta. Ciwon nan ba ya sallama, jini na iya hawa mace tana tuƙa tuwo tana hira. A auna jini. Mai cikin fari, mai tagwaye, mai ciwon suga, wadda ta taɓa yi a wani cikin, su ne a gaba.

In kuwa hawan jinin ya kai ga jijjiga, a kwantar da ita ta gefen hagu, a janye abin da zai ji mata rauni. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu, cikin huhu zai tafi. A nemi Adaidaita ko motar maƙwabci nan take. Akwai allurar maganiziyam salfet da ke tsayar da ita, kuma sau da yawa sai an raba uwa da cikin ake samun sauƙi. Addu'a a yi ta a hanya, babu mai hanawa. Wallahi abin tausayi ne a shafe awa uku ana turare a ɗaki, sai da harshe ya dagargaje a tuna da asibiti.

Maigida, kai da ka fara tanadin ragon suna tun ciki na wata biyar, kuɗin motar awo ne ya gagare ka?

Kuma haihuwa ba ta rufe maganar, jijjiga na zuwa ko bayan an sauka. Nan ma sai gwaggo ta dama kunun kanwa kofi-kofi, gishiri zalla, ta haɗa da tafasasshen ruwan wankan jego safe da yamma, ga mace jininta a sama. In ta fara haki da kumburi a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara itace.