Araha ba ta ado a kwangilar ƙananan hukumomi

Duk lokacin da asusun ƙaramar hukuma ya yi ƙasa, sai tsohuwar waƙar nan ta dawo: a bai wa wanda ya yi tayi mafi araha kwangila, kowa ya huta. Masu wannan ra'ayi sun sake ɗaga murya, wai ƙa'idar ce kaɗai ke toshe ƙofar son kai.

In kujeru ko takardu za a saya, babu gardama: a ƙirga, a duba, a biya. Amma kwashe shara, gadi da sharar asibiti ba kaya ba ne da ake saukewa daga mota. Yawancin kuɗin irin wannan aiki albashin ma'aikata ne, to wanda ya karya farashi daga ina zai rage? Motar da aka ce za ta zo sau uku a mako ta koma sau ɗaya. Maigadi guda ya kwana yana tsaron ƙofa biyu. Kafin shekara ta zagayo ɗan kwangilar ya dawo da takardar neman ƙarin kuɗi, ya kuwa san hukuma ba za ta bar shara ta yi tsibi har a sake tallata tanda (wato gayyatar masu tayin kwangila) ba.

Birtaniya ta ɗanɗana. Kamfanin Carillion, mai riƙe da kwangilar abincin makarantu da kula da asibitoci da gidajen yari, ya durƙushe a Janairun 2018, kuma wani kwamitin majalisar dokoki ya zargi gwamnati da fifita araha a kan inganci. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta tilasta a tambayi mai tayin da ya yi araha fiye da kima yadda zai iya aikin. Amurka kuwa tun 1972 take zaɓen injiniyoyi da masu zanen gini bisa ƙwarewa, sannan a zauna ciniki.

Wai in aka bar kwamiti ya auna inganci zai bai wa 'yan lelensa. Kamar dai ƙa'idar araha ta taɓa hana ɓarawo daddatsa kwangila ɗaya gida huɗu don ta kauce wa tanda, ko kawo tayi uku daga kamfanoni uku na mutum ɗaya!

A bayyana ma'aunin maki tun kafin a buɗe tayi, a wallafa makin kowa, a ɗaura biya a kan aikin da aka gani da ido. Kansilan da ya ƙi wannan ya fito ya faɗi abin da yake tsoro.