Dala 40 a wata, da gwamnonin da suka ga ta yi wa yaro yawa

A watan Yunin 2025 gwamnan jihar Texas ta Amurka, Greg Abbott, ya ɗauki alƙalami ya soke dala miliyan 60 daga kasafin da majalisar jiharsa ta amince da shi. Kuɗin nan su ne za su buɗe wa Texas ƙofar shiga shirin gwamnatin tarayya na tallafin abinci ga 'ya'yan marasa ƙarfi lokacin dogon hutun bazara. Majalisar da ta ware su, 'yan jam'iyyarsa ta Republican ne ke da rinjaye a cikinta. Yaran da abin ya shafa sun haura miliyan 3. Hujjar gwamnan kuwa, wai babu tabbas kan yadda Washington za ta ci gaba da zuba nata kason.

Tun da na karanta wannan hujja take ci min rai, domin irin maganar nan ce da mutum ke yi idan ya riga ya yanke shawara, sannan ya koma neman dalili.

Shirin dai ba wani abu mai wuyar fahimta ba ne. Yaron da ke cin abinci kyauta ko da rangwame a makaranta, da an rufe makarantu a watan Yuni, abincin safe da na rana da yake samu a can sun tafi hutu tare da malamai. A watan Disambar 2022 majalisar dokokin ƙasar, da ƙuri'un jam'iyyun biyu, ta kafa shirin da ake kira Summer EBT, ya fara aiki a bazarar 2024. Ana ba iyaye kati mai dala 40 a wata kan kowane yaro, dala 120 ke nan a watanni 3, kuma ba ya sayen komai sai kayan abinci. Gwamnatin tarayya ce ke biyan kuɗin abincin baki ɗaya. Abin da ake nema daga jiha shi ne rabin kuɗin gudanarwa. Duk da haka jihohi fiye da 10 suka ce ba sa so a shekarar farko, kuma gwamnonin Republican ne ke mulkinsu.

Mai karatu ya raba dala 40 gida 30, ya ga abin da ake ta wannan kai ruwa rana a kansa. Bai kai dala ɗaya da rabi a yini ba, a ƙasar da kofin gahawa ɗaya a kanti ya fi haka tsada.

Gwamnan Nebraska, Jim Pillen, ya fi sauran gaskiya, domin shi fitowa ya yi ƙarara a ƙarshen 2023 ya ce bai yarda da tsarin tallafin gwamnati ba. Abin dariya a nan shi ne ma'aikatar noma ta Amurka da ke raba katin yaran, ita ce kuma ke raba wa manoman Nebraska tallafin masara da waken soya shekara da shekaru, ba a taɓa jin wani gwamna ya mayar mata da shi ba don gudun kada manomi ya koyi lalaci. Idan kuɗin zai shiga aljihun mai gona mai faɗin gari guda, sunansa kare tattalin arziki. Idan zai sayi madara da burodi ga yaro ɗan shekara 7, sai a tuna da tarbiyya. Pillen dai ya yi amai ya lashe a watan Fabrairun 2024, bayan ya saurari wasu ɗalibai da suka gaya masa yadda hutu ke kasance musu. Na yaba masa da hakan, ko da yake abin mamaki ne a ce sai yara sun zo da kansu kafin gwamna ya san akwai yunwa a jiharsa.

Gwamnar Iowa kuwa, Kim Reynolds, da ƙiba ta kafa hujja. Ta ce kati ba ya inganta cimar yara a lokacin da ƙiba ta zama annoba a tsakaninsu. Da wannan magana jihar ta juya wa kimanin dala miliyan 29 baya a shekarar 2024, na yara wajen 240,000, don kada ta biya 'yan miliyoyi biyu da ɗoriya na gudanarwa. Duk wanda ya taɓa ganin talauci irin na Amurka ya san ƙiba da yunwa gida ɗaya suke kwana. Uwar da kuɗinta ya kusa ƙarewa ba ta sayen 'ya'yan itace da kayan lambu, abin da ya fi arha kuma ya fi cika ciki take ɗauka, wato taliya da lemon kwalba da soye-soyen leda. Ka rage mata kuɗi, ka ƙara tura ta can. Ma'aikatar noma ta gwada wannan kati a wasu yankuna tun daga 2011, sakamakon kuma ya nuna matsananciyar yunwa tsakanin yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, yaran kuma sun ƙara cin 'ya'yan itace da kayan lambu. Wannan sakamako yana nan a rubuce fiye da shekara 10 kafin gwamnar ta buɗe baki.

Amsar da masu ƙin katin suka fi so ita ce: ai muna da cibiyoyin ciyarwa na hutu. Gaskiya ne, akwai su. Tun 1968 gwamnatin tarayya ke biyan makarantu da coci-coci da ɗakunan karatu su dafa wa yara abinci a bazara, a unguwannin da aƙalla rabin yaran 'ya'yan marasa ƙarfi ne. Akwai kuma abincin yamma da ake bai wa yaran da ke zama bayan tashi daga makaranta, wanda dokar 2010 ta faɗaɗa zuwa dukkan jihohi 50. Na yamman yana tafiya daidai saboda dalili ɗaya: yaron yana makarantar, abinci ne ke iske shi. Da hutu ya zo sai lissafin ya juye, yaro ne zai nemi abinci. Motar makaranta ba ta yawo, uwa tana wurin aiki tun safe, cibiyar tana nisan kilomita da yawa, kuma ƙa'idar asali ita ce a ci a wurin, a sa'ar da aka tsayar. A Texas ana maganar watan Yuli ne, lokacin da zafi ke kusan kai na Sakkwato a watan Afrilu. Shi ya sa shekara da shekaru, cikin yara 6 ko 7 da ke cin abincin makaranta, ɗaya ne kawai ke kaiwa ga na hutu. Wannan giɓin ne aka ƙirƙiro katin don ya cike. Ka ce ba ka buƙatar kati saboda kana da cibiyoyi, kamar ka ce ba ka buƙatar rijiya ne saboda akwai kogi a wata ƙaramar hukuma.

Sai maganar sata, wadda mu a Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga yadda aka yi ta cece-kuce kan ciyar da 'yan makaranta suna zaune a gida lokacin kullen korona a 2020. A Amurka ma an yi, kuma babba. A jihar Minnesota wata ƙungiya mai suna Feeding Our Future da abokan hulɗarta sun wawure kimanin dala miliyan 250 na ciyar da yara lokacin korona, kotu ta samu shugabarta da laifi a watan Maris na 2025. To amma a duba ta ina aka yi satar. Ta cibiyoyi aka yi ta, da jerin sunayen yaran ƙarya da rasiɗan abincin da ba a dafa ba. Wato tsarin da gwamnonin ke cewa ya wadatar, shi ne wanda ɓarayi suka fasa. Katin kuwa yana zuwa ne da sunan yaron da makaranta ko ofishin tallafi suka riga suka tantance, babu ɗan kwangila a tsakani. Wanda ya kawo Minnesota don ya ƙi katin, ya bar jaki yana dukan taiki.

Rashin tabbas ɗin da Abbott ya fake da shi ma, daga gidansu ya fito. Kwanaki kaɗan bayan soke kuɗin, ranar 4 ga Yulin 2025, Shugaba Trump ya sanya hannu kan dokar haraji da kasafi wadda ofishin kasafin majalisa ya ƙiyasta za ta zabtare kusan dala biliyan 186 daga SNAP, babban shirin tallafin abinci na iyalai marasa ƙarfi, cikin shekara 10. Iyalin da ke cikin SNAP, yaransu kan shiga jerin masu cin abincin makaranta da na katin hutu kai tsaye, ba tare da cike wata takarda ba. Duk iyalin da aka fitar, yaransu sai sun sake bin layi. Jam'iyya ɗaya ce ta girgiza tukunyar a Washington, sannan gwamnanta a Austin, babban birnin Texas, ya ce ba zai ɗora ta a wuta ba saboda tana rawa.

Masu cewa iyaye ne ya kamata su ciyar da 'ya'yansu, ba su faɗi abin da wani ya musa ba, sai dai yaron ba zai jira a gama gyara iyayensa kafin cikinsa ya yi ƙugi ba. Ita kanta dokar abincin makaranta ta 1946, da Shugaba Truman ya sa wa hannu, ba tausayi kaɗai ya haife ta ba. Sojoji ne suka koka cewa samari da yawa sun faɗi gwajin lafiyar shiga yaƙin duniya na biyu saboda rashin abinci mai gina jiki tun suna ƙanana.

A ganina kuskuren majalisar tarayya shi ne da ta bar wa gwamnoni zaɓi tun farko. Ko ta ɗauki kuɗin gudanarwar gaba ɗaya, ko ta bar birane da gundumomi su nema da kansu idan gwamna ya ƙi. An riga an ga hakan na yiwuwa a Oklahoma, inda Gwamna Kevin Stitt ya ƙi shiga, sai hukumomin al'ummomin asali na Cherokee da Chickasaw suka karɓi shirin suka raba katin ga yaran da ke yankunansu, nasu da waɗanda ba nasu ba.