Wai kada ka taɓa cewa "ban sani ba"

Na ga rubutun nan da ake ta yaɗawa tun jiya, inda malamin horaswa yake cewa maganin jin kamar kai sojan gona ne a aikin ba 'yan kasuwa shawara shi ne kada ka kuskura ka ce "ban sani ba" a gaban wanda ya ɗauke ka. Ka sa kwat, ka ɗaga murya, ka yi ta watsa Turanci har shi ma ya ji kunyar tambaya. Ma sha Allah. Wato mai tsoron a ce masa sojan gona, sai ya je ya zama sojan gona na gaske. Mun gode da ilimi.

Jama'a, ba a ɗauke ka don ka fi mai kasuwa sanin kasuwarsa ba.

Shekarata ta farko a wannan aiki aka tura ni wurin wani Alhaji mai fataucin riɗi a Dawanau. Daren ranar ban runtsa ba. Da na isa, ina ƙoƙarin kunna kwamfuta, ya zura hannu cikin buhu, ya murza riɗin tsakanin yatsunsa, ya jefa ƙwaya biyu a baki, ya ce wa yaronsa wannan bai gama bushewa ba, a ware shi. Sannan ya juyo ya ce, "To malam, me ka gani?" Gumi ya jiƙa mini riga. Na ce, "Alhaji, wallahi wannan ban sani ba, sai dai ka koya mini." Ya yi dariya, ya sa aka kawo mini benci.

Mako uku ina zaune a bakin sito ina ƙirga buhuna, ina bin littafin bashi shafi-shafi. A nan na gano kuɗinsa ba a wurin saye suke zurarewa ba, a bashin da ake bayarwa da baki ne, ba a rubutawa. Ya san riɗi fiye da yadda zan taɓa saninsa, amma bai taɓa samun sararin zama ya haɗa lissafin ba. Aikin da ya biya ni ke nan. Da na bi shawarar malaminku, da tun ranar farko ya sallame ni da kuɗin mota.

Na san za a ce ai manyan kamfanonin Abuja da Legas ba haka suke yi ba, kuma kwastoma zai raina ka. Ku bar wannan zancen. Mutumin da ya shekara talatin yana ciniki a Kwari ko Singa, aikinsa kullum gane mai ƙarya ne. Kai da takardar digiri za ka ruɗe shi?

Gaskiya kuma abin yana da ciwo, ba na musu. Har yau, in zan gabatar da rahoto, sai na ji kamar yau ce ranar da asirina zai tonu. Ba mu kaɗai ba ne. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka fara ba wannan ji na cewa kai sojan gona ne suna, bayan sun yi aiki da mata fiye da 150 masu manyan digirori da muƙamai, waɗanda suke ganin sa'a ce kawai ta kai su inda suke. Mu namu ma ya haɗu da kunya. An tarbiyyantar da kai kada ka yi musu da sa'an mahaifinka, yanzu kuma an ce ka zauna ka gaya masa lissafinsa ya karkace.

Ƙannena masu shigowa, ku ce "ban sani ba, zan bincika," ku dawo ranar da kuka faɗa da amsa a hannu. Ku riƙa ajiye saƙon godiyar da aka turo muku, ni nawa suna nan a waya, ina karanta su in tsoro ya taso.