Lambar NAFDAC ba ta rufe binciken magani

A Kaduna, duk sanda aka ce gwamnati ta ɗauki nauyin masu digiri su ƙaro ilimi kan sa ido a kan magunguna, sai ka ji ana cewa ɓarnar kuɗi ce, tunda maganin da ya samu lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, an riga an gama tantance shi. Wannan magana tana damuna, ko da yake na san inda ta samo tushe: lambar ce muke dubawa a jikin kwali a kemis.

Kafin a yi wa magani rajista, mutane ƙalilan ake gwada shi a kansu, na ɗan lokaci. Illar da ba kasafai take faruwa ba, sai magani ya shiga hannun miliyoyi take bayyana, a jikin tsofaffi, masu juna biyu, da masu haɗa shi da wani maganin. Thalidomide ma, wani magani da masu juna biyu suka riƙa sha, da izini aka sayar da shi, har aka fara haifar jarirai da naƙasassun gaɓoɓi, aka janye shi a 1961.

Shi ya sa ake buƙatar mutumin da zai tattara rahotannin likitoci da masu harhaɗa magunguna, ya bambance abin da magani ya jawo da abin da cutar kanta ta jawo, sannan ya ce a sauya gargaɗi ko a janye. Digirin farko bai cika zurfafawa a nan ba, kuma wanda ya ƙware zai iya yi wa hukuma aiki.