Gidan reno: a bar yaro ya yi magana, a bar shi ya sa takalminsa

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi na Najeriya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa gwamnati ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Tsarin da aka soke shekara uku kacal ya yi, domin a ƙarshen 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya kawo shi. An yi ta ka-ce-na-ce a kan sakamakon WAEC da JAMB da ministan ya kafa hujja da shi, duk da cewa ɗaliban da suka zauna waɗannan jarrabawa sun bar firamare tun kafin a zo da tsarin. Waɗanda aka manta da su a muhawarar su ne 'yan shekara biyu da uku, waɗanda ake saukewa a ƙofar gidan reno da sassafe da 'yar jaka da kwanon abinci da famfas na canji.

Gidajen reno sun yawaita a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, kuma dalilin a fili yake. Uwa tana aiki ko tana karatu, kaka tana can gida, gidan haya kuma babu tsakar gida mai cike da yayye da gwaggonni. Kusan kowane allon talla a bakin titi alkawari biyu yake yi: yaronka zai ji Turanci, kuma zai tashi da dogaro da kai. Damuwata ita ce hanyar da ake bi a cika na farko tana kashe na biyu.

Shiga ajin 'yan shekara uku a makarantar da aka hana Hausa. Ga yarinya a kan 'yar kujerar roba tana matse ƙafa, tana satar kallon anti. Fitsari take ji. Da a gida ne, da tuni ta ce "Umma, zan yi fitsari" ta nufi fo. A nan an nuna mata Hausa laifi ce, jimlar Turancin da ake so ta faɗa kuma ta ɓace mata. Sai ta yi shiru har ta jiƙa yunifom. Anti ta yi faɗa, yara su yi dariya, da yamma a ce wa uwar a dawo mata da famfas, alhali a gida ta daɗe da barinsa. Wannan yarinyar ce za a miƙa wa lasifika ranar bikin ƙarshen zango ta jero jihohi 36 da manyan biranensu, iyaye na tafi suna ɗaukar hoto. Haddar gaskiya ce, ba na raina ta. Amma an koya wa yarinyar cewa idan tana da buƙata ta haɗiye ta.

Dogaro da kai ga ɗan shekara biyu ko uku abubuwa ne ƙanana. Ya cire takalminsa ya ajiye inda ake ajiyewa, ya wanke hannu, ya ci abinci da kansa ko da rabi zai zube, ya mayar da abin wasa mazauninsa. Sama da duka, ya buɗe baki ya faɗi abin da yake so da wanda ba ya so: "cikina ke ciwo", "wane ya dake ni", "ba na son a taɓa ni". Uwar da ta bar ɗanta yini guda a hannun wasu ba ta da mai ba ta labarin abin da ya faru sai shi. Idan makaranta ta saba masa da shiru, ta cire masa kariyar da ta fi kowace katanga da maigadi.

Makarantu da yawa suna liƙa sunan Montessori a allonsu. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, wadda a 1907 ta buɗe gidan yara na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, domin yaran da iyayensu ke fita aikin ƙarfi su bar su. Ta sa aka ƙera tebura da kujeru daidai tsayin yara, aka sauko da kayan aiki inda hannunsu zai kai, ta bar su suna shara da goge tebur da ɓalla maɓallin riga. Ba ta ɗora musu baƙon harshe kafin ta bar su su motsa ba. Mu ma abin ba baƙo ba ne a wajenmu. Ɗan shekara uku ana aikensa ɗaki ya ɗauko ludayi, ya kai wa Baba buta, ya miƙa kwano maƙwabta ya dawo da "ta ce an gode". Aike cikakken darasi ne: yaro ya saurara, ya riƙe, ya je shi kaɗai, ya kawo amsa. Gidan renon da ya zaunar da shi a benci da fensir tun safe har azahar ya ƙwace masa wannan, bai ba shi madadinsa ba.

Iyayen da ke son Turanci suna da gaskiya. Da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki, kuma duk wanda ya sha wuyar rashinsa ba ya son ɗansa ya sha. Yaro ƙarami kuwa harshe biyu ba ya yi masa yawa. Ga yaran Fulani nan da Fulatanci da Hausa, ga na Sabon Gari da uku ma. Abin tambaya shi ne wanne za a tsaya a kai a miƙa hannu a ɗauko ɗayan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma darasi ne da ƙwararren malami ke ɗauka. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun ma wuce su a wasu darussan. A Nijar ma tun 1973 aka fara makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Idan ɗan shekara shida yana buƙatar harshen gida ya gane lissafi, ina ga wanda aka yaye bara?

Gidan reno mai harshe biyu na gaske ba shi da wuyar siffantawa. Lallashi da umarni da tatsuniya da sauraron ƙorafi da Hausa. Turanci da lokacinsa kullum, cikin waƙa da wasa da aikin hannu, daga bakin wadda ta iya shi sosai. Ana wanke hannu a faɗi abin da ake yi da Hausa, a maimaita da Turanci, har ranar da yaro zai faɗa da kansa. Idan ya cakuɗa harsunan biyu a jimla ɗaya a ƙyale shi, zai rarrabe su.

Na san akwai aji a Jos ko Abuja ko Kudancin Kaduna da za ka tarar da harsuna biyar. A can Turanci zai iya zama na haɗuwa, kuma manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ma cewa ta yi a koyar da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Ko a can ɗin, ba a rasa mai jin yaren yaro a cikin ma'aikata, kuma babu hujjar hukunta shi don ya yi kuka da harshen uwarsa. Masu cewa babu littattafai kuma, ɗan shekara biyu ba littafi ya fi buƙata ba.

Babban cikas shi ne ƙarancin hannu. Anti ɗaya mai ɗan albashi da aji maƙil da yara dole ta ɗura musu abinci ta cusa musu takalma, domin ya fi sauri. Barin yaro ya yi da kansa yana cin lokaci, yana ɓata riga. Mu iyaye ma da namu laifin: idan yaro ya dawo da miya a gaban yunifom sai mu kira makaranta da faɗa, gobe anti ta karɓe cokalin.

Gwamnatocin jihohi ne ke yi wa makarantu masu zaman kansu rajista, don haka ba sai sun jira Abuja ba. Suna iya gindaya sharaɗi cewa ba a hukunta yaron da bai kai shekarun firamare ba saboda ya yi harshen gidansu, su kuma ƙayyade yawan yaran da mai reno ɗaya za ta riƙe. Kafin su yi, uba ko uwar da za ta biya kuɗin zango ta nemi a bar ta ta shiga aji lokacin cin abinci, ba ofishin shugabar makaranta kaɗai ba. Ta duba ko butar wanke hannu tana inda yaro zai kai, ta ga wa ke riƙe da cokali, sannan ta tambayi anti kai tsaye abin da take yi idan yaro ya yi mata magana da Hausa.