Sun ci kuɗin wawaye ko? To sunan wa suka sa a jikin zanen?

Wallahi tun jiya abin nan yake cina, na so in kama bakina amma na kasa. Kun dai ga labarin da aka sake yaɗawa na mutanen garin Thunder Bay na lardin Ontario ɗin nan da kotun Kanada ta ɗaure saboda zanen jabu da suka sayar da sunan shahararren mai zane Norval Morrisseau, kuma kun ga kwamen ɗin da ya fi kowanne kwasar laik a ƙasa. Wai gayun sun burge shi, wai sun ci kuɗin wawayen turawa, wai zanen ma ɗansa ɗan aji uku zai yi wanda ya fi shi. Mutane kuma sai tuntsira dariya ake yi, wani har da cewa kamata ya yi a ba su lambar yabo. Lambar yabo fa jama'a. Ɓarayi.

To malam mai ɗa ɗan aji uku, Allah ya raya mana shi, amma zo mu zauna. Kuɗin turawa shi ne abu na biyu da mutanen nan suka sata. Na farko sunan mutum ne. Sunansa suka ɗauka yana raye yana kallo, suka manna a kan abin da bai zana ba, bayan ya mutu kuma suka ci gaba.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, kai ka ɗauka bature ne ya cuci bature shi ya sa kake tafi. Morrisseau ba bature ba ne. Ɗan ƙabilar Anishinaabe ne, cikin mutanen da turawa suka zo suka tarar a ƙasarsu suka ƙwace musu komai. A arewacin Ontario ya tashi a hannun kakansa na wajen uwa, wanda shi ya koya masa labarai da tatsuniyoyin mutanensu. Yana ɗan shekara 6 aka kai shi irin makarantun kwanan nan na coci da aka kafa don raba yaran 'yan asalin ƙasar da harshensu da al'adarsu, waɗanda yau ita kanta gwamnatin Kanada ta fito ta nemi gafara a kansu. Yana shekara 19 ya yi wata rashin lafiya da aka fid da rai, wata mai maganin gargajiya ta sake masa suna, ta kira shi Copper Thunderbird, wato tsuntsun tsawa na tagulla, ya tashi. Da wannan sunan yake sa hannu a zanensa, da baƙaƙen rubutun mutanen Cree, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar. Wato sunan da aka sata ɗin ma ba sunan katin shaida ba ne, sunan da aka raɗa masa yana bakin mutuwa ne. Shi kuke yi wa dariya.

Babu makarantar da ta koya masa zane. A kan ɓawon itace da takardar kamfani da duk abin da hannunsa ya kai ya fara. Wasu dattawan ƙabilarsu ma ba su so ba, don a ganinsu yana fito da abin da ba a fitarwa. A 1962 wani dillalin zane mai suna Jack Pollock ya baje kolin aikinsa a Toronto aka saye komai tas, daga nan sunansa ya fita. A 1978 aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa. A 2006 babban gidan adana zane na ƙasa da ke Ottawa ya ware masa baje koli na aikin rayuwarsa gaba ɗaya, kuma shi ne na farko cikin mutanensa da aka yi wa haka. Ya rasu a Toronto a watan Disamba 2007 bayan ya daɗe yana fama da cutar Parkinson, mai sa jiki karkarwa.

Yanzu batun ɗan aji uku. Don Allah ka buɗe wayarka ka nemi Man Changing into Thunderbird na 1977, ka zauna da shi ko na minti biyar. Fale-falen zane shida ne a jere. A na farko mutum ne sak. Kana matsawa gaba kana ganin tsuntsaye suna taruwa a kansa, kwalliyar kan tana girma, hannu yana zama fiffike, har a na ƙarshe mutumin ya tafi sai tsuntsun tsawa. Baƙin layi mai kauri ya zagaye komai, cikin layin kuma launuka ne masu ƙarfi, ja da shuɗi da ruwan lemo, kuma a yawancin aikinsa za ka ga kamar ana haska maka cikin dabba ko cikin mutum, ga layuka suna haɗa wannan halitta da waccan. Kafin shi babu mai yin wannan salon a kan ƙyallen zane. Shi ya buɗe hanyar, har aka samu tsarin da ake kira Woodland, matasa da yawa suka biyo. Ɗanka zai iya kwaikwayo, ƙwarai kuwa, ni ma zan iya. Bayan an nuna mana. To waye ya nuna?

Kuma wannan maganar ta yaro zai iya ba yau aka fara ta ba, ba kai ka ƙirƙiro ba, kar kanka ya kumbura. Tun a 1913 wani ɗan jarida a Toronto ya yi wa masu zanen da daga baya suka zama Group of Seven, shahararriyar ƙungiyar masu zane ta Kanada, ba'a, ya kwatanta aikinsu da kunu mai zafi. Su ne su Lawren Harris da A.Y. Jackson da J.E.H. MacDonald, da suka kafa ƙungiyarsu a 1920. Abokinsu Tom Thomson bai ma kai lokacin ba, a 1917 aka tsinci gawarsa a tafkin Canoe yana shekara 39, amma itacen nan ɗaya tilo da ya zana a bakin ruwa, The Jack Pine, yau kusan duk ɗan Kanada ya san shi. Masu kunun nan dai, a 2016 aka yi gwanjon Mountain Forms na Harris a kan dalar Kanada miliyan 11.2. Wa yake tuna sunan ɗan jaridar in ba masu bincike ba.

Amma ku bar ma wannan, ni ba cewa nake dole zanen ya burge ka ba. Kana da ikon ka ce bai yi maka ba. Magana ta ita ce suna. Sunansa suka sata.

Ku ji yadda ake yin abin, tukuna ku ce mini gwaninta ce. David Voss, ɗaya daga cikin jagororin 'yan jabun, wanda ya amsa laifinsa a 2024 aka ba shi shekara 5, tun 1996 yake harkar. Shi zai ɗauki fensir ya zana layin waje, sai ya bi kowane gurbi ya rubuta harafi, wannan harafin na ja ne, wancan na kore, sai a miƙa wa wasu da ake biya su yi ta cike gurabe da fenti. Shi ke nan. Sai a sa sunan Morrisseau, a ƙirƙiro shekara, a haɗa labarin inda aka samo shi, a tura gwanjo. Daga baya da masana suka haska zanukan da na'ura sai ga haruffan fensir ɗin nan a kwance ƙarƙashin fenti. Wannan ne gwanin naku? Littafin kala na 'yan nazire? Gary Lamont, wani jagoran 'yan jabun, shi ma shekara 5 aka ba shi a ƙarshen 2023. A watan Maris na 2023 da 'yan sandan Ontario da na Thunder Bay suka fito da maganar, mutum 8 suka kama, zane sama da 1,000 suka ƙwace, kuma cikin waɗanda aka kama har da wani daga cikin dangin Morrisseau na jini, abin da ya fi komai ciwo ke nan a wajena.

Kuma shi bawan Allahn nan ya yi magana fa. Tun farkon shekarun 2000 yake nuna zanuka yana cewa wannan ba nawa ba ne, wancan ba nawa ba ne, har takardun rantsuwa ya sa wa hannu, a 2005 ya kafa kwamiti don a tantance aikinsa na gaskiya. Me aka ce? Aka ce tsoho ne, ba shi da lafiya, ya sha giya da yawa a rayuwarsa, bai san abin da ya zana ba. Eh gaskiya ne ya yi fama da giya, har akwai lokacin a shekarun 1980 da yake kwana a titin Vancouver yana sayar da zane da arha, ba wanda ya ɓoye wannan. To shi ke nan don mutum ya taɓa faɗuwa sai ya rasa ikon cewa wannan hannuna ne wannan ba hannuna ba ne? Ka yi tunani mahaifinka yana zaune a zaure a zo masa da takardar cinikin gonarsa da sa hannunsa a jiki, ya ce wallahi ban sayar ba, dillalai su ce rabu da shi tsufa ne. Za ka sa hoton dariya a ƙasan wannan?

Na san abin da za ku zo ku rubuta, na riga na gani a can. Wai in har masana ba su iya bambancewa ba to ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma sun bambance, shi ya sa aka kai mutane gidan yari. An taɓa yaudarar masana? Sosai. Gidan zane na Vancouver ma a 2015 ya yi ta murna ya samu ƙananan zanuka 10 na J.E.H. MacDonald, a 2023 ya fito ya ce jabu ne. To sai me? Don an yaudari mai ilimi sai ƙarya ta koma gaskiya?

Wai ai masu kuɗi ne suka yi asara. Wasu masu kuɗi ne, eh. Kevin Hearn, mawaƙi ne a can, ya sayi ɗaya a 2005 kan dala 20,000, a 2010 aka rataye shi a gidan zane na Ontario sai aka sauke saboda shakku, ya yi ta shari'a har 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a biya shi dala 60,000. Shi yana da ƙarfin bin haƙƙinsa. Morrisseau fa, wa zai biya shi? Yau duk wanda ya ga zane da sunansa sai ya fara tambaya na gaske ne ko na su Voss. Aikin da mutum ya shafe shekara sama da 40 yana yi an cakuɗa shi da shara, yaran ƙabilarsu da ke son koyon salon kakanninsu wani lokacin jabu suke kallo suna kwafa ba su sani ba. Wannan asarar ba ta mai kuɗi ba ce.

Sai kuma 'yan uwana masu cewa ai zanen abu mai rai ma haramun ne, me ya kai ni. Wannan mas'ala ce ta malamai, a kai musu, ni ban isa ba. Amma tunda an kawo addini to a kawo shi duka, hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu duk mun haddace shi tun muna Islamiyya. Ban taɓa jin inda aka ce in dai kayan ba su yi maka ba to ha'inci a cikinsu ya halatta ba.

Masu cewa ina ruwanmu da Kanada kuwa, ku ne fa kuka fara kwamen, ba ni ba. Kuma ku ɗin nan dai, ranar da wani ya kwafi rubutunku na layi huɗu ya cire sunanku, sai kun tara mana jama'a kuna Allah ya isa.

Gaskiya abin yana taɓa ni. Mutumin da aka so a raba shi da harshensa tun yana yaro, ya ƙi, ya ɗauki labaran kakansa ya mai da su abin da aka rataye a Faransa da Ottawa, babban zanensa Androgyny na 1983 kyauta ya ba al'ummar Kanada har ya yi zama a gidan Gwamna Janar, a ce a ƙarshen rayuwarsa yana kan keken guragu hannu na rawa yana roƙon a yarda da shi a kan abin da shi kaɗai ya fi kowa sani. Ba a yarda ba sai bayan shekara 15 da rasuwarsa da 'yan sanda suka faɗi abin da ya riga ya faɗa. Allah ya kiyaye mu da ganin irin wannan.

Af, wata 'yar uwa ta tambaye ni a inbos ko shi ne mai zanen baƙaƙen maguna ukun nan. A'a Hajiya, waccan Maud Lewis ce, ta Nova Scotia, ita labarinta daban. Ciwon gaɓɓai ya nannaɗe mata yatsu tun tana ƙarama, a wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya ta zauna da mijinta mai tallan kifi, ba lantarki ba famfo, ta bi gidan nan ta zane shi kaf, ƙofa da taga da matakala har murhu. A bakin titi take sayar da zanenta dala 2, dala 5. Ta rasu a 1970, gidan kuma yanzu an ɗauke shi ɗungurungum an ajiye cikin gidan zane na Halifax. Wani zanenta na baƙar mota, wani mai zane ne ya ba masu gidan abinci a Ontario a shekarun 1970 a madadin sanwicin cuku da yake ci a wajensu, a 2022 aka yi gwanjonsa dala 350,000. Sanwici fa. Ku buga a naira ko sefa da kanku ku faɗa mini a ƙasa, ni cajina saura kaɗan kuma tun safe ba a kawo wuta ba.