Nawa aka biya ga wata?

Watannin baya aka kira ni zaman binciken aure a gidanmu na cikin gari, can wajen Ƙofar Rini. Ɗiyar yayana ce wani yaro ke nema. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zaure, wanda aka aika bincike ya kawo bayani: yaron ɗan mutunci ne, an san iyayensa, ba ya shaye-shaye, ya yi difloma a kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, sana'arsa haɗa wutar sola a gidaje da shaguna da rijiyoyin burtsatse. Kawunmu, wanda shi ne babba a zaman, ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago kai.

"To, wanga aiki nashi, nawa aka biya ga wata?"

Aka ce ai ba albashi yake ɗauka ba, aikin kansa yake yi.

"Ashe dai bai samu aiki ba tukuna," in ji Kawu.

Na yi shiru, don ba a musu da babba a zaure. Amma maganar ta zauna mini a rai, domin da wannan tambaya ɗaya tak muke auna kowace sana'a a Sakkwato, kuma amsarta ta daɗe da daina nufin abin da take nufi a zamanin da Kawu ya kama aiki.

A 2011 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 18,000 ne, lokacin dala ba ta wuce naira 150 da ɗoriya ba, wato ya haura dala ɗari. A 2019 ya koma 30,000, dala tana wajen 360, ya sauko dala tamanin da 'yan kai. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan 70,000, lokacin dala ta kai 1,500, kuɗin bai cika dala hamsin ba. A takarda albashi ya ninka kusan huɗu, a kasuwa ya rage fiye da rabi. Litar man fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, ta haye 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Ma'aikacin da ke zaune a Mabera ko Arkilla yana zuwa sakatariya kullum, mai kawai ya isa ya cinye masa kaso mai tsoka kafin a zo maganar gero da shinkafa. Ɗan bautar ƙasa ma yanzu 77,000 yake karɓa, ya fi ƙaramin ma'aikacin da ya tarar a ofis.

Wannan kowa ya sani, har an gaji da faɗa. Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne lokaci. Ma'aikacin gwamnati yana aiki Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe takwas zuwa huɗu a ƙa'ida, ranar Juma'a kuwa kafin a tafi masallaci an watse. In ka raba 70,000 da kwana 22, awa takwas-takwas, kowace awa ta tashi ƙasa kaɗan da naira 400. Yanzu ɗauki ɗan kabu-kabu. Mu ƙaddara, a misali, bayan ya sha mai ya biya balas ga mai babur, naira 4,000 ke rage masa a yini. A wata ya tashi da 120,000, ya kusa ninka mai ƙaramin albashi. Sai dai ya fito tun da asuba, bai koma gida ba sai bayan isha'i, aƙalla awa goma sha biyu, babu Asabar babu Lahadi. Awarsa ba ta kai naira 350 ba. Kuma awa ce ta kan kwalta a zafin watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40 kujerar babur ta yi kamar an ɗora ta a murhu, ko ta hunturu da ƙura ke tsattsage masa leɓe. Ma'aikaci in ya tashi ƙarfe biyu (mu faɗi gaskiya, da yawa ba sa kai huɗu) yana da yammacinsa: ya leƙa gona a fadama, ya zauna shago, ya koyar da yara a gida. Rabin darajar aikin gwamnati a wannan gari tana cikin awannin da yake bar maka, shi ya sa za ka ga mutum yana kukan albashi shekara ashirin amma ko da wasa bai taɓa tunanin ajiye aikin ba.

A nan ne nake ganin Kawu yana da hujja, ko da bai faɗe ta da baki ba. Abin da yake tambaya a ƙarƙashin "nawa aka biya" shi ne: ranar da yaron nan ya kwanta ciwo, wa zai ciyar da gidan? Ma'aikaci in zazzaɓi ya kwantar da shi sati biyu, ƙarshen wata wayarsa za ta yi ƙara. Ɗan kabu-kabu in ya karye, ranar da ya faɗi ranar samu ya tsaya, ga kuɗin ɗori, ga mai babur ya miƙa makulli ga wani. Masu hawa mumbarin taro suna cewa matasa su daina jiran gwamnati su kama sana'a, mafi yawansu albashi suke ɗauka, kuma wannan ɓangaren ba sa kawo shi cikin jawabi.

Ɗan kasuwa ma haka, sai dai nasa ya fi girma ta kowane gefe. Dubi masu albasa. Mutum zai saya da araha lokacin da kaya suka fito daga Goronyo da Wurno da Kware, ya zuba a rudu, ya jira damina ta yi nisa farashi ya tashi. In Allah ya yi masa gamon katar, cinikin shekara ɗaya ya fi albashin darakta na shekaru. In zafi da danshi suka shiga rudun, rabin jarin ya ruɓe yana kallo. Ga abin da ba shi da hannu a ciki: rikicin kasuwar Sasa a Ibadan a Fabrairun 2021 ya rutsa da fatakenmu, rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da harkar Illela da Ƙonni watanni, gobarar babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 ta mayar da masu shaguna da dama 'yan kallo cikin yini ɗaya. Manomin gabashin jiha, wajen Sabon Birni da Isa, shi kam ko zuwa gonar sai da lissafin 'yan bindiga. Duk wanda ya nuna maka Alhajin da albasa ta gina wa bene, ka tambaye shi mutum nawa suka fara tare.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi ba su cikin waɗannan biyun, wato ma'aikacin gwamnati da mai aikin kansa. Su ne masu albashin da ba shi da rumfa: malamar makarantar kuɗi, yarinyar da ke zaman POS, yaron kantin magani, mai gadi. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ba ta shafi mai aikin wucin gadi ko wanda ake biya da kamasho ba. To a Sakkwato wurin aiki nawa ne, in ka cire gwamnati da bankuna da kamfanin siminti na Kalambaina da 'yan tsiraru, ke da mutum 25? Na san wata malama mai NCE daga kwalejin Shehu Shagari, tana shiga aji tun bakwai da rabi, ta tashi da littattafan yara a leda ta je gida ta yi maki har dare. Abin da ake ba ta bai kai rabin 70,000 ba, watan hutu kuma babu ko sisi. An ɗaure mata lokaci kamar ma'aikaciya, an bar ta ba tabbas kamar 'yar kasuwa. Amma a zaure, da za a ce mai neman aure "malami ne a wata makaranta, ana biyansa duk wata", da Kawu ya gyaɗa kai.

Sai maganar gaba, wadda a ganina ta fi sauran nauyi, kuma ita ce ba na jin ana tambaya ko kaɗan: aikin nan, in mutum ya kai hamsin, ƙara masa daraja zai yi ko zubar da shi?

Aikin gwamnati tsani ne mai matakai a rubuce. Mai digiri yana shiga a mataki na 8. A ƙa'idar tarayya, wadda jihohi ke kwaikwaya, shekara uku-uku ake yi kafin ƙarin girma har mataki na 14, daga 15 kuma huɗu-huɗu. In komai ya tafi daidai, ba a danne takardarka ba, akwai gurbi a sama, shekara 26 za ka yi kafin mataki na 17. Ritaya kuwa shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki, duk wadda ta riga zuwa. Saurayin da ya zauna jiran takardar ɗaukar aiki har ya kai 35, ya riga ya yanke wa kansa saman tsanin tun bai taka na farko ba. Malaman makaranta dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 ko shekara 40 na aiki, wanda ni ban san ko gata ba ne ko ƙarin wa'adi, in aka dubi ajin da ke da yara fiye da ɗari. Bayan ritaya kuma, a jihohi da dama, akwai layin jiran garatuti, inda tsofaffi ke yawo da fayil a hammata.

Aikin lafiya tsaninsa ya fi tsawo, amma takardarsa tana da ƙafa. Likita shekara shida a jami'a, in yajin aiki bai ƙara masa ba (na 2022 kaɗai wata takwas ya ci), shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta bautar ƙasa, sannan biyar ko shida na ƙwarewa a wuri irin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yana kwanan asibiti yana wayar gari ya ci gaba da duba marasa lafiya. In ka raba albashinsa da awanninsa a waɗannan shekaru, ba zai burge kowa ba. Ma'aikaciyar jinya ma tana juyin safe da yamma da dare, ranar Sallah tana bakin aiki. Amma su kullum shekara ta ƙaru, farashinsu ƙaruwa yake, kuma Saudiyya da Ingila suna zawarcinsu. Wannan alheri ne ga mai takardar, asara ce ga majinyacin Tangaza ko Gudu.

Kabu-kabu da dako da turin ruwa ba su da tsani ko ɗaya. Abin da ɗan shekara ashirin ke samu shi ɗan arba'in ke samu, sai ma ya ragu, domin jari a nan jiki ne, jiki kuwa ƙarewa yake. Mafita ɗaya ce, mutum ya tara ya sayi babur nasa, ya sayi na biyu ya ba wani, wato ya fita daga aikin ke nan.

Sana'ar hannu tana tsakani, kuma a nan ne muke da gyara a gida. Tela ko mai walda ko makaniki, in ya ƙware, hannunsa tsada yake ƙarawa, daga baya ya zama shi ke yanka yara na ɗinki, shi ke auna ƙarfe yara na ƙonawa. Telan da ke kwana a kan keke a goman ƙarshe na azumi yana ɗan ashirin da biyar, in ya yi dabara, yana ɗan hamsin sai dai ya zauna yana karɓar awo. Amma hanyar zuwa can a wurinmu ba ta da wa'adi. Yaron Inyamuri da ke shagon kayan gyaran mota ya san shekarun da zai yi wa ubangidansa, ya san a ƙarshe za a sallame shi da jari. Namu yaron shago sai ya yi shekara goma sha biyar yana "yaron Alhaji", an yi masa aure, an ba shi ɗaki, ana ba shi na cefane, amma ba ranar yaye. In Alhaji ya rasu, magada su raba shago, shi ya tashi da furfura da hannu biyu. Da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a za su tsayar da magana ɗaya, a riƙa rubuta shekarun koyo da abin sallama a gaban shaidu, da sun yi wa matasan garin nan abin da rabon kekunan ɗinki a filin taro bai yi ba. Majema da madunkan da suka fitar da sunan fatar jar akuyar Sakkwato har ƙasashen Turai, da koyo a gaban gwani suka kai can, sai dai yawanci gado ne, ɗa yana da tabbacin wurin ubansa. Yau da yaron wani ke koyo a wurin wani, tabbacin sai an rubuta shi.

Da wannan ma'auni na koma wa Kawu bayan kwana biyu, ni kaɗai, bayan magariba. Na ce, "Kawu, yaron nan rana ce jarinsa, ita kuwa ba ta yanke mana a garin nan. Matuƙar wuta tana wasan ɓuya, mai yana tsada, aikinsa ba zai ƙare ba." Na kuma faɗa masa inda nake jin tsoro: aiki ne na hawa rufin kwano da tsakar rana, faɗuwa ɗaya ta isa, kuma kayan duk daga waje ake shigo da su, in dala ta motsa ciniki ya tsaya. Abin da ya kamata a bincika shi ne ko yana da yara da yake koya wa, ko ya fara sayar da kayan da kansa ko har yanzu kuɗin hannu kawai yake ci, ko yana ajiya, ko kuwa duk abin da ya shigo ranar yake ƙarewa.

Kawu ya saurara har na gama. Ya ce shi dai a saninsa fansho ba ta faɗowa daga kan rufi. Sannan ya kira ƙanena ya ce gobe ya tafi shagon yaron ba tare da sanarwa ba, ya zauna kamar mai tayin batir, ya ƙirgo masa yara nawa ke ciki, ya kuma duba ko akwai littafin da ake rubuta ciniki.